Rina DNA a Ƙwayoyin Ƙudan Drosophila: Inda Aikin Ke Lalacewa da Yadda Ake Gyara Shi

Koken masu auna zangon rabuwar ƙwayar halitta a ƙudan 'ya'yan itace, Drosophila melanogaster, kusan iri ɗaya ne. An bi ƙa'idar rinin da ta yi aiki lafiya lau a ƙwayoyin ɗan Adam ko na ɓera, an kai samfur gaban na'urar fulo-saitomita, wadda ke auna hasken ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ta zana sakamakon, amma maimakon tuddai biyu masu tsini da kwari a tsakaninsu, sai ga ƙaton tudu guda mai faɗi wanda gefensa na hagu ya nutse cikin tarkace. Abin da ke fara zuwa wa mutum a rai shi ne ya ƙara rini. Da wuya hakan ya magance komai, sau da yawa ma ƙara dagula lamarin yake yi.

Tushen awon mai sauƙi ne. Ƙwayar da ke zangon G1 tana ɗauke da DNA kashi biyu, abin da ake rubutawa 2C. A zangon S tana kwafar DNA ɗin, don haka adadinsa yana tsakanin 2C da 4C. A G2 da lokacin rabuwa, wato M, ya cika 4C. In rini ya kama DNA daidai gwargwadon yawansa, hasken kowace ƙwaya zai nuna zangon da take ciki, kuma tudun G2 zai zauna a ninki biyu na wurin tudun G1. Duk wahalar tana cikin wannan sharaɗin na daidai gwargwado.

Abin da ya bambanta ƙuda shi ne ƙarancin abin da ake aunawa. Kundin gadonsa bai wuce tubali miliyan 180 ba a kan kuromosom huɗu, na ɗan Adam kuwa ya haura biliyan 3. Ƙwayar ƙuda mai 2C tana da DNA kusan fikogiram 0.37, ta mutum tana da wajen 6.5, wato ninki 17 ke nan. Saboda haka ɗan hasken da RNA ya bayar, ko rinin da ke yawo a ruwan samfur bai kama komai ba, ko hayaniyar na'urar kanta, waɗanda ba a ko lura da su a ƙwayar mutum, a ƙwayar ƙuda sai su zama kaso mai tsoka na abin da aka karanta. Ƙa'idar da aka ɗauko daga ƙwayoyin dabbobi masu shayarwa tana da sararin yin sakaci da yawa. Ta ƙuda ba ta da shi.

Tun daga kwalbar reno

Yawancin masu wannan aiki da ƙwayoyin S2 suke yi, waɗanda Imogene Schneider ta samar a 1972 daga 'yan tayin ƙuda masu awa 20 zuwa 24, ko kuma Kc167. Ana renon su a digiri 25 na Salshiyas ba tare da iskar CO2 ba, a ruwan reno na Schneider mai kashi 10 cikin ɗari na ruwan jinin ɗan tayin saniya, kuma suna ninkawa kusan kowace awa 24.

Akwai halin S2 guda da ake yawan mantawa da shi: ɗabi'arsu irin ta ƙwayoyin jinin ƙuda ce masu haɗiye matattun ƙwayoyi. In kwalba ta cika ta tsufa, masu rai suna cinye gawar 'yan'uwansu, kuma DNA ɗin gawar yana nan cikin cikinsu yana shan rini. Ƙwayar G1 da ta haɗiye rabin wata sai ta bayyana kamar tana S. Babu irin rini ko saitin na'urar da zai gyara wannan. Gyaransa shi ne a raba ƙwayoyin kwana ɗaya ko biyu kafin awo, a fara da kusan miliyan 1 a kowace mililita, a girbe su kafin su wuce miliyan 4 ko 5, kuma a tabbata da rinin tirifan bulu cewa fiye da 95 cikin ɗari suna raye. Duk samfuran da za a kwatanta su kasance cunkosonsu ɗaya, domin cunkoso kaɗai yana sauya rabon G1 da G2.

Gurɓatar maikofilasma ma tana faɗaɗa tudu, domin waɗannan ƙananan ƙwayoyin cuta suna manne a jikin ƙwaya da nasu DNA. A ɗiga rinin DNA mai suna DAPI a kan gilashi a duba da madubin ƙara girma: in an ga ɗige-ɗige masu haske a wajen cibiyar ƙwaya, a yi gwajin PCR kafin a ci gaba da ɓata kayan aiki.

Wajen girbi ba a buƙatar tirifsin, tunda S2 ba sa manne wa kwalba da ƙarfi. Fesa musu ruwan reno da fifet a hankali ya isa. Kankarewa da ƙarfi tana fasa su.

Itanol

A nan ake asarar samfura da yawa. Ana sandarar da ƙwaya da itanol mai kashi 70 ne don ya huda fatarta ya kuma bar DNA a buɗe ga rini. Ga yadda ya kamata a bi. A ƙirga ƙwaya miliyan 1 zuwa 2, a juya su a santirifuj a 300 g na minti 5, a wanke sau ɗaya da ruwan gishirin PBS mai sanyi. Wankin nan wajibi ne, domin furotin na ruwan reno yana dunƙulewa da zarar ya haɗu da itanol, ya kuma haɗa ƙwayoyin cikin curi. Sannan a warwatsa su sarai a cikin maikurolita 300 na PBS har sai babu gudaji ko ɗaya, a ɗora bututun a kan na'urar girgiza a ƙaramin gudu, a riƙa ɗiga maikurolita 700 na tsantsar itanol da aka ajiye a digiri 20 ƙasa da sifili, ɗigo bayan ɗigo. Wanda ya zuba itanol gaba ɗaya a kan dunƙulen da ke gindin bututu ya sandarar da su a manne, kuma ba za su sake rabuwa ba.

A bar su a firiza aƙalla awa 2, kwana ya fi. Suna iya yin makonni a haka, abin da ke da amfani ga wanda sai ya yi tafiya kafin ya kai ga na'ura, ko wanda ke tara samfuran kwanaki daban-daban don ya rina su rana ɗaya. In wuta ta ɗauke firiza ya huce na wasu awoyi, ba a yi asara ba matuƙar murfin bututu a rufe yake ruf. Abin gudu shi ne itanol ya tsere yawansa ya ragu.

Bayan itanol ƙwayoyin sun yi sauƙi kuma sun ƙanƙance, ba sa kwanciya a 300 g. Ana buƙatar wajen 800 g na minti 5 zuwa 10. Dunƙulen yakan zama fari-fari a shafe a jikin bututu, ba a gindi kawai ba, shi ya sa mutane ke zuƙe shi tare da ruwan ba su sani ba. A bar ɗan ruwa a gindi, a zuba PBS mililita 1 mai ɗauke da furotin BSA kashi 0.5, a bar su minti 10 zuwa 15 su sha ruwa, a sake juyawa. BSA yana hana su manne wa roba, amma sai bayan an cire itanol ake sa shi.

Fomaldihaid fa? Don awon DNA zalla, a guje shi. Yana ɗaure furotin da DNA, rini ya kasa shiga daidai, tudu ya yi faɗi. Dalili ɗaya na amfani da shi shi ne in ana son riƙe GFP, furotin alama mai hasken kore, da ke yawo a ruwan ƙwaya, wanda itanol ke barin ya zube. A nan sai a yi ɗan gajeren jiƙo da kashi 0.5 zuwa 1 na minti 10 a kan ƙanƙara, a wanke, sannan a bi da itanol. Za a rasa ɗan tsinin tudu, wannan ciniki ne da ba makawa. Wanda ke da zaɓi tun farko gara ya yi amfani da GFP mai manne wa fatar ƙwaya ko wanda aka haɗa da histon, don waɗannan suna jure itanol.

RNA da yawan rini

Furofidiyam ayodaid, wanda kowa ke kira PI, yana kutsawa tsakanin tubalan kowane zare mai igiya biyu. Bai san bambancin DNA da RNA da ya naɗe kansa ba, kuma ƙwayar da ke girma cike take da RNA na raibosom. A ƙwayar ƙuda, inda DNA ya yi ƙaranci, RNA da ya saura yana tura tudun G1 dama ya kuma cike kwarin S. Alamar da ke tona wannan ita ce rabon wurin G2 da na G1: ya kamata ya kasance tsakanin 1.9 da 2.0 ko kusa da haka. In ya faɗo 1.7, akwai wani haske da ba na DNA ba da aka ɗora wa kowace ƙwaya, kuma RNA ne abin zargi na farko.

Haɗin da ke aiki: PBS mai Triton X-100 kashi 0.1, RNase A (inzayim mai narkar da RNA) maikurogiram 100 zuwa 200 a kowace mililita, da PI. A jiƙa minti 30 zuwa 45 a digiri 37 cikin duhu, tunda ƙwayoyin sun riga sun mutu zafin ba ya cutar da su. Sannan a mayar firij aƙalla awa 1. Samfurin da ya kwana a digiri 4 yakan fi wanda aka garzaya da shi kyau, domin rinin ya samu lokacin daidaita. RNase ɗin dole ya zama marar DNase, inzayim ɗin da ke narkar da DNA. In ba a sayi irin wanda aka tsarkake ba, a dafa ruwan ajiyar mai miligiram 10 a kowace mililita a digiri 100 na minti 15, a bar shi ya huce a hankali. RNase A yana jure tafasa, DNase ba ya jurewa. Hanya mafi sauƙi ta gane ko inzayim ɗin na aiki ita ce a ɗiga samfurin a gilashi a duba: ja ya tsaya a cibiya kawai. In ruwan ƙwaya ma ya yi ja, RNase ya mutu ko lokacin bai isa ba.

Sai batun yawan PI. Maikurogiram 50 a kowace mililita shi ne adadin da aka gada daga ƙa'idojin ƙwayar mutum. A yi lissafi: S2 miliyan ɗaya DNA ɗinsu wajen maikurogiram 1 ne kawai. Rinin ya ninka abin da ake buƙata nesa ba kusa ba, kuma rarar tana cikin ruwan da ke ratsa hasken leza tare da ƙwaya, tana ɗaga hasken bango. Marini ya san cewa in ƙyalle ya ƙi kama baba, ba ƙara baba a karofi ne magani ba, sai a duba yadda aka wanke ƙyallen. Abin da ya dace shi ne a raba samfur ɗaya gida huɗu, a gwada 5, 10, 25 da 50, a zaɓi mafi ƙanƙantar adadin da in an ƙara a kansa tudun G1 ba ya ƙara matsawa dama. Galibi yana faɗawa tsakanin 10 da 25. Da zarar an tsayar da shi, yawan ƙwaya a kowace mililita ya zama ɗaya a dukkan bututai. Tudun da ke yawo daga samfur zuwa samfur, yawanci rashin ƙirga ƙwaya ne ya jawo shi. Kuma ba a wanke PI kafin awo, domin kamun da yake yi ba na dindindin ba ne, in an cire na ruwa na jikin DNA ma zai fara saki. A sa safar hannu, abu ne da ke shiga DNA.

Cibiya zalla

In an yi duk wannan tudu bai yi tsini ba, akwai hanyar da ke kawar da ruwan ƙwaya gaba ɗaya. Awtar Krishan ya bayyana ta a 1975: a zuba ƙwayoyi masu rai cikin ruwan sodiyam sitiret kashi 0.1 mai PI, su kumbura su fashe, cibiyoyi su rage. Yau ana ƙara Triton X-100 kashi 0.1 da RNase. Babu itanol, babu juyi mai yawa, babu asarar ƙwaya, kuma sau da yawa ita ke ba da tudu mafi siranta. Minti 30 a kan ƙanƙara ya wadatar, amma dole a auna a ranar.

Tana da farashi. GFP na ruwan ƙwaya ya tafi, girman ƙwaya ba ya aunuwa, kuma ƙwayoyin da ke tsakiyar rabuwa suna iya watsewa tunda kuromosom ɗinsu ba su da cikakken rufi a lokacin. Amma tana amsa wata tambaya da itanol ba ya iya amsawa. Ƙwayar da ta kasa tsinkewa gida biyu bayan rabuwa tana da cibiya biyu masu 2C kowacce. A hanyar itanol za ta fito a tudun 4C kamar tana G2. A hanyar cibiya zalla za ta koma 2C guda biyu. Wanda ya kashe wani jinin gado (gene) da dabarar RNAi ya ga 4C ya ƙaru, ya kamata ya gwada hanyoyin biyu kafin ya ce ƙwayoyin sun tsaya a G2.

DAPI, Hoechst da tarkon digiri 37

In na'urar tana da leza ta 355 ko 405, DAPI ya fi PI sauƙin sha'ani a ƙwayar da aka sandarar. Maikurogiram 1 a kowace mililita da Triton kashi 0.1, minti 15 zuwa 30, ba sai an sa RNase ba, kuma ya bar tashoshin kore da ja ga GFP da RFP. Sai dai DAPI da Hoechst sun fi son wuraren da A da T suka yi yawa, kuma hetarokuromatin na ƙuda, wato ɓangaren kundin gadon da ke dunƙule sosai, wanda ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na kundin, cike yake da maimaitattun jeri irin su AATAT. Wannan ba ya hana raba G1 da G2, amma yana hana a kwatanta yawan DNA na jinsi biyu da su. Don wannan aikin PI ake so.

Ga ƙwayoyi masu rai, Hoechst 33342 ko Vybrant DyeCycle Violet ake amfani da su, kuma takardar kamfani za ta ce a jiƙa a digiri 37. Kada a bi. Ga ƙwayar ƙuda digiri 37 azabar zafi ce, shi ne ma zafin da masu binciken ƙuda ke amfani da shi da gangan don kunna hs-FLP, wani jinin gado da zafi ke tayarwa. A rina a digiri 25 a ƙara lokaci, minti 45 zuwa awa 1. Haka nan inda ƙa'ida ta ce zafin ɗaki, digiri 20 zuwa 25 take nufi. Ɗakin gwajin da ba shi da na'urar sanyaya iska a Kano ko Maiduguri a watan Afrilu ya zarce haka da nisa, don haka a yi jiƙon cikin inkubetar ƙudan. Ƙwaya mai rai kuma tana iya fitar da Hoechst waje da famfunan fatarta, shi ya sa ake barin rinin a cikin ruwan har lokacin awo, a kuma haɗa da rinin tantance matattu don a cire su daga lissafi.

Gaban na'ura

A tace samfur da rariya mai ramin maikuromita 35 zuwa 40 dab da awo, a bar shi ya dawo zafin ɗaki, domin bututun da ke hucewa ana cikin awo yana sa tudu ya zame. Ma'aunin tashar DNA ya kasance na miƙe, ba na logaridim ba. A na'urar da ma'auninta ya kai 262,144, a saita wuta yadda G1 zai zauna wajen 50,000, G2 a 100,000, sannan 8C ya samu wuri a 200,000. PI ya fi haskawa da leza ta 532 ko 561 fiye da ta 488, kuma ga ƙwaya mai ƙaramin DNA wannan bambancin yana da daraja.

Abubuwa biyu ne suka fi tasiri. Na farko gudun samfur: a sa mafi ƙanƙanta, kar a wuce ƙwaya 200 zuwa 300 a daƙiƙa. Gudu mai yawa yana faɗaɗa igiyar ruwan samfur, ƙwayoyi su riƙa ratsa leza a wurare masu ƙarfin haske daban-daban. Na biyu shi ne abin da ke sa na'ura ta ƙirga abu a matsayin ƙwaya. In an bar shi a kan FSC, tashar da ke nuna girman ƙwaya, kamar yadda aka saba, ƙananan ƙwayoyin ƙuda da suka ƙanƙance a itanol suna cakuɗewa da tarkace. A mayar da shi kan tashar rinin DNA, yadda abin da ba shi da DNA ba zai shiga lissafi ba. A bar samfur ya gudana rabin minti kafin a fara ɗauka don rinin ya daidaita a bututun na'ura, sannan a zana haske a kan lokaci a tabbata layin a miƙe yake.

Ƙwayoyin G1 biyu da suka manne suna ba da haske daidai da G2 guda. Ana raba su ta zana jimillar bugun haske, A, a kan faɗinsa, W, ko a kan tsayinsa, H. Ga cibiyoyin ƙuda, waɗanda ƙanana ne idan aka kwatanta da kaurin hasken leza, rabuwar ba ta fita tsaf kamar a ƙwayar mutum, don haka a gwada zanen biyu a ɗauki wanda ya fi. Ƙaramin tudu a 6C shaida ce cewa manne ya yi yawa, tunda G1 ne ya haɗu da G2. A tara ƙwaya guda-guda 10,000 zuwa 20,000. In CV na tudun G1, wato ma'aunin faɗinsa, yana ƙasa da 5 cikin ɗari, aiki ya yi kyau. In ya haura 8, alƙaluman da tsarin Dean-Jett-Fox ko na Watson zai fitar a manhajar FlowJo game da S ba abin dogaro ba ne, ko da kwamfuta ta rubuta su da lamba biyu bayan ɗigo.

Wane tudu ne G1?

Wanda ya saba da ƙwayar mutum yana tsammanin G1 dogo, G2 gajere. A S2 da Kc167 tudun G2 yakan kai na G1 ko ya fi shi, kuma wannan ba laifin rini ba ne. Ƙuda yana yawan tsare ƙwayoyinsa a ƙofar G2 zuwa M ta hanyar taƙaita furotin String, takwaran Cdc25. Ko a ɗan tayi, zagaye 13 na farko ba su da G1 ko G2, kuma G1 ba ya bayyana sai a zagaye na 17. Bugu da ƙari S2 ba ƙwayoyi ne masu kuromosom bibbiyu ba: yawancin rassansu sun kusa ninki huɗu, da ƙari da ragi nan da can. Abin da ake kira 2C a cikinsu suna ne kawai na tudun farko.

Tabbatarwa ba ta da wuya. RNAi a kan Cyclin E yana tara su a G1, a kan string yana tara su a G2, a kan pavarotti yana fito da 8C da abin da ya fi. Haidiroksiyuriya wajen milimola 1 na dare ɗaya tana tsayar da su a farkon S. Don sanin ainihin wurin 2C na ƙuda, a niƙa kan baligin ƙuda a ruwan Galbraith da maniƙar gilashi ta Dounce, a tace, a rina da PI iri ɗaya: yawancin cibiyoyin ƙwaƙwalwarsa 2C ne, kuma za su zauna kusan rabin wurin G1 na S2. Jan jinin kaza, da ake yawan sawa a matsayin ma'auni, yana da DNA wajen fikogiram 2.5, ya yi nisa da tudun ƙuda a ma'auni na miƙe. Drosophila virilis, mai tubali miliyan 328, ma'auni ne mai kyau wajen auna girman kundin gado, amma tudunsa yana faɗawa dab da 4C na melanogaster, don haka kada a zuba shi cikin samfurin zangon rabuwa.

Naman jikin tsutsa

Faifan fiffike, wato naman da zai zama fiffike, na tsutsa mai mataki na uku, mai ƙwaya dubu 30 zuwa 50, shi ne aka fi aunawa, kuma hanyar da ɗakin binciken Bruce Edgar ya yi amfani da ita a 1998 har yau ita ce ginshiƙi. A fiɗe faifai 10 zuwa 20 a PBS cikin abin da bai wuce rabin awa ba, a zuba su a rabin mililita na tirifsin da EDTA mai ƙarfin ninki 10 da aka ɗan sirka da PBS, tare da Hoechst 33342 maikurogiram 0.5 a kowace mililita, a bar su suna girgiza a hankali awa 2 zuwa 4. A riƙa ɗan ƙyasta bututun da yatsa, ba a tsotsa da fifet da ƙarfi. Ƙarfin wannan hanya shi ne ƙwayoyin gwaji masu GFP da maƙwabtansu marasa GFP suna bututu ɗaya, rini ɗaya, don haka duk bambancin da aka gani na halitta ne. Sharaɗinta shi ne shekarun tsutsa: a tara ƙwai cikin tazarar awa 2 zuwa 4, kar a cunkusa kwalba, domin rabon G2 yana hawa yayin da tsutsa ke dosar zama pupa, matakin da ke gabanin baligin ƙuda. A cire kitsen jiki da bututun iska tsaf, su ne ke kawo manyan cibiyoyi da tarkace. Mai aiki da hanji ya tuna cewa yis ɗin da ƙuda ya ci ma yana da DNA.

Sassan da ke kwafar DNA ba tare da rabuwa ba sai an sauya musu saiti. Ƙwayoyin da ke lulluɓe ƙwai suna kai wa 16C, na jakar yawu kuwa wajen 1024C. A nan ma'aunin logaridim ake sawa, kuma kada a yi mamaki in tuddan ba su zauna a ninki biyu cif ba, domin waɗannan ƙwayoyin ba sa kwafar hetarokuromatin ɗinsu gaba ɗaya. Da DAPI giɓin ya fi fitowa, tunda abin da ba a kwafa ba shi ne mai yawan A da T. Cibiyoyin jakar yawu sun yi girma kuma sun yi kaɗan ga fulo-saitomita, gara a auna haskensu a hoton madubi.

Abin da tudu ba ya faɗa

Ko rini ya yi kyau iya kyau, yawan DNA ba ya raba G2 da M, ba ya raba G1 da ƙwayar da ta daina rabuwa. Don M, a ƙara rigakafin (antibody) da ke gane histon H3 mai fosfet a Ser10. Don S, a ba ƙwayoyin EdU, sinadarin da ke shiga sabon DNA da ake kwafa, maikuromola 10 na minti 30 zuwa 60 kafin girbi, sai zanen EdU a kan DNA ya fito da siffar kofaton doki wadda ke ware farkon S daga G1 da ƙarshensa daga G2. Tagullar da ke cikin haɗin gano EdU tana dusar da GFP, don haka ko a nemi haɗin da aka rage wa tagulla ko a gano GFP da rigakafi. Tsarin Fly-FUCCI na 2014 yana ba da kore a G1, ja a S, dukkan biyu a G2, amma jansa yana karo da PI, sai dai a haɗa shi da Hoechst ko DAPI.

Kaso kuma ba tsawon lokaci ba ne. Aikin 1998 ɗin nan a faifan fiffike ya nuna cewa in an ƙara Cyclin E, G1 yana gajarta amma G2 ya tsawaita, in an ƙara String sai akasin haka ya faru, kuma a duka biyun lokacin ninkawar ƙwaya bai sauya sosai ba. Saboda haka duk awon DNA da za a fassara a matsayin saurin rabuwa ko jinkirinta sai an haɗa shi da ƙirgen ƙwaya: a kwalba a ƙirga kowace awa 24 na kwana uku, a faifan fiffike kuma a ƙirga ƙwayoyin da ke cikin kowane rukuni mai GFP bayan sanannen adadin awoyi daga lokacin da aka kunna shi.